Turbar da Na Goge

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sun kafa turakun. Jan fenti a ka, lamba a jiki, daga bayan shagon Tela har gangaren kwari. Na bi su da sandata ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin safiyo, wato awon filaye, ina kafa wa mutane irinsu a ƙofar gida, yau ga shi an kafa mini. Turke na sha bakwai yana tsakiyar turba daidai. Wanda ya buga shi ko ƙasa bai duba ba.

Allon da suka kafa ya ce tagwayen hanya ce. Za a ɗora ta bisa tarin ƙasa mai tsayin mita huɗu, a yi mata shingen waya hagu da dama. Unguwa a wannan gefe, makarantar firamare da lambuna a wancan. Gadar masu tafiya a ƙasa tana can wajen kasuwa, kilomita ɗaya da rabi daga nan, matakala arba'in da biyu.

Mutuniyar ta fita a kan lokacinta. Ta zo wurin turken, ta tsaya, ta kewaye shi, ta wuce. Ta dawo. Ta ci abinci.

Talata, 5 ga wata, da yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, kada wanda ya tsinci littafin nan bayana ya ce tsohon ya yi ta kuka ne a kan ciyawa.

Sha biyu saura kwata matata takan gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗauki gorar ruwa, ta ce za ta ɗauko Auta daga makaranta. Auta shekararta talatin da shida, tana birni da 'ya'ya uku. Sai ta fita, ta gaida Tela, ta dafa farin dutsen da ke bakin gangare da hannun dama, ta sauka kwari, ta haye, ta bi ta gindin mangwaro, ta isa ƙofar makaranta. Maigadi ya miƙe ya ce, “Inna, ai yanzun nan ta wuce gida da ƙawayenta.” Ita kuma ta ce, “Yarinyar nan ba ta da haƙuri.” Ta juyo. Ko ranar da babu makaranta haka ake yi.

Taku dubu ɗaya da ɗari biyu zuwa, haka nan dawowa. Shekara uku ke nan, ba ta taɓa ɓata a turbar nan ba. A cikin gida kuwa takan tsaya tsakanin ɗaki da madafa ta rasa wanne ne wanne.

Ni ina biye, taku talatin a baya. Ba ta son baƙo ya matso ta, ni kuwa ta daina gane ni.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yi taron jin ra'ayin jama'a a ajin 'yan shida. Mu manya muka lanƙwashe a bencin yara, gwiwa a haɓa. Injiniyar aikin mace ce, ba ta kai Auta ba, takalminta duk laka. Wannan na yaba mata, a zamaninmu masu laka ba su ne ke magana ba.

Ta karanta cewa an tambayi gidaje ɗari biyu da sha ɗaya ko akwai titin da aikin zai datse, dukkansu sun ce babu.

Tela ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. “Ranki ya daɗe, gaskiya muka faɗa. Titi kuka tambaya. Mu ba mu da titi, ko a mafarki. Turba gare mu.”

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, “Baba, taswirar da muka yi aiki da ita ba ta nuna wata turba ba,” ta warware ta a jikin allo.

Tsohuwar taswira ce aka sake bugawa. Tun daga benci na uku na gane wutsiyar da ake ja wa harafin K. A kusurwar ƙasa ta dama akwai ƙananan haruffa uku.

Na miƙe. Na ce da na kusa da ni ƙafata ta yi sanyi, na fito.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Ban fita ba. Tela ya rufe shago ya bi mutuniyar.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Lokacin da aka zana taswirar nan ina da shekara ashirin da shida. Na zo na farko a ajinmu, hannuna ya fi na kowa tsabta, shi ya sa aka ba ni takardar wannan yanki. Na auna turbar da kaina, na ɗige ta da fensir ɗigo-ɗigo daga dutse har mangwaro. Shugaban sashe ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Wannan fa, tururuwa ce?” Na ce turba ce, ranka ya daɗe. Ya ce, “Abin da taya ba ta hau ba, ba hanya ba ne. Goge.”

Na goge. Na hure ɓurɓushin. Ya ce in ci gaba da haka zan yi nisa.

Nisan da na yi, teburi biyu ne zuwa wajen taga.

A waɗannan watannin ne nake rako wadda ta zama matata gida ta wannan turbar, ina riƙe mata littattafai, tana yi mini dariyar tawadar da ke yatsuna. Da safe in goge, da yamma in taka. Ban taɓa gaya mata ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe huɗu

Auta ta kira. Wani ya tura mata hoton allon.

“Baba, idan suka rufe, zan zo in ɗauke ta. Mun yi magana da su Yaya. Akwai ɗaki a sama, ƙofar tana da makulli.”

Na ce, “Uwarki ba buhu ba ce.”

“Kai ma ba saurayi ba ne, Baba. Ranar da ta fita ta ga waya a gabanta, wa zai kamo ta? Kai da sandarka?”

Na ce layin ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau.

Ta ci abinci. Ta sha magani.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe uku

Na je ofishinsu, wani akwatin ƙarfe mai taga a bakin filin aiki. Injiniya ta ba ni kujerarta, ta zauna kan bokitin fenti.

Na ce turbar nan mutane ke bi. Ta ce, “Baba, mun yi ƙidaya, kwana bakwai cur.”

“Me kuka ƙirga?”

“Motoci, babura, kekuna.”

“Ƙafa fa?”

Ta jawo fom ɗin ta nuna mini. Gurbi tara ne, har da na amalanke. Ta ce, “Babu inda zan sa ta.” Ba da gatse ta faɗa ba. Ran ashirin da takwas ake rufe zane, bayan nan ko waƙafi ba a canjawa.

Ido ba ya ritaya. Kafin in tashi na hango a zanen da ke bango cewa za su sa kwalbati a kwarin, ramin da ruwa zai bi ta ƙarƙashin hanya, mita ɗaya da ɗan ɗori. Na tambaye ta inda suka samo lissafin ruwan. Ta ce daga tsohon rahoton da ke haɗe da taswirar. Na ce to.

“Baba, kai ma ka taɓa aikin nan ne?”

Na ce na ɗan taɓa.

Laraba, 13 ga wata, da yamma

Tun ƙarfe shida ina gindin mangwaro da kujera da littafi, ina ƙirga ƙafa. Sanda huɗu, ta biyar ta gicciye, yadda aka koya mana. 'Yan makaranta, masu lambu da kwandunansu, mata masu zuwa awo, mai gyaran famfo da jakarsa.

Tela ya zo wucewa ya leƙa. “Baba Safiyo, ni sau biyu za ka sa ni, ka ga girman cikina.”

Na ce ai amalanke yana da gurbinsa daban.

Mutum ɗari tara da sha huɗu. Zan kai musu wannan lamba in ce don jama'a nake yi. Ƙarya ce. Shekara nawa ina zaune a unguwar nan ban san sunan rabinsu ba, ban kuma nema ba. Mutum ɗaya nake ƙirgawa, sauran rakiya suka yi mata.

Da ta zo wucewa ta dube ni ta ce, “Sannu da aiki, malam.” Na ce yauwa, sannu. Na ja mata sandarta da kyau, da rula.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ƙidayar jiya, ɗari tara da talatin. Na kai. An karɓa, an buga hatimi, an sa a tiren takardu. Na san tiren nan. Na yi shekara talatin ina zuba takardun mutane a irinsa.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An same ta.

Talata, 19 ga wata, da hantsi

Ba zan rubuta na jiya ba.

Tifa ce ta juye tsakuwa a bakin gangare, ta rufe farin dutsen, mutuniyar ta neme shi ta rasa, ta ɓace. Ni kuma ina can ina jiran wani ya duba tire. Iyakar abin ke nan.

Takalmi ɗaya ya ɓata. Na dafa ruwa na zuba a roba, na sa ƙafafunta a ciki. Akwai ƙaya biyu a diddigen hagu, na cire da allura. Da na gama ta ce, “Kana da hannu mai sanyi. A asibiti kake aiki?” Na ce a'a, zane nake yi. Ta ce, “Maigidana ma.”

Gorar ruwan ba ta yar ba. Awa huɗu tana riƙe da ita, ba ta sha ba, ta Auta ce.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Tela da Maigadi da masu lambu sun kwashe tsakuwar da shebur kafin rana ta yi zafi. Ba wanda ya roƙe su. Na fita in yi godiya, sai na ɓige da cewa sun bar ɗan tudu a gefen hagu. Maigadi ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, sufeto.”

Auta ta ji. Ta ce ran bakwai ga watan gobe tana tafe da mota.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe huɗu

Na ciro littafin awona na wancan lokaci daga ƙasan akwati, na kai wa Injiniya. Na buɗe mata shafin. Turbar tana nan da lambobinta, kwana-kwana, don littafin awo ba a goge shi. Sannan na ɗora yatsa a kan haruffa ukun da ke kusurwar taswirarta.

Na ce, “Ni ne. Ni na auna, ni na goge.”

Ta dubi haruffan, ta dube ni. Na jira ta faɗi abin da ni zan faɗa in da ni ne ita. Sai ta ce, “A makaranta da taswirarka aka koya mana rubutun hannu.”

Wannan ya fi zagi ciwo.

Na ce ta bar rubutu, ta dubi ruwa. Lokacin da muka yi wancan lissafi, tudun da ke sama da kwari duk daji ne, ƙasa na shanye rabin ruwan sama. Yanzu kwano ne da siminti har ƙarshen gani, ɗigo ɗaya ba ya tsayawa. Kwalbatinsu ba zai ɗauka ba. Damina biyu, ruwa zai taru a bayan hanyarsu ya shiga gidajen ƙasa, ya ci gindin hanyar kanta. Na ce ta zo ta ga shaidar ambaliyar bara a katangar makaranta, ta kai ƙirjina.

Ta ce gobe da ƙarfe nawa. Na ce sha biyu saura kwata.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyu

Ta zo da tef ɗin awo. Na ce ta tsaya tukuna, ta bi ni a hankali, kada ta wuce ni.

Muka bi mutuniyar, taku talatin a baya. Tela, dutse, kwari, mangwaro. Maigadi ya miƙe ya faɗi nasa, ta faɗi nata. Da ta juyo ta gan mu, ta dubi Injiniya sama da ƙasa ta ce, “'Yar nan, wa ya bar ki kika fito da takalmi haka? Ki wanke kafin uwarki ta gani.”

Injiniya ta rusuna ta ce, “To, Inna.”

Bayan ta wuce, yarinyar ta auna shaidar ruwan a katanga, sau biyu, ta rubuta. Ta daɗe tana naɗe tef ɗin da bai kai wannan naɗi ba. Can ta ce, “Baba, ƙafa ba ta da gurbi a fom ɗina. Amma ruwa yana da shi.”

Litinin, 25 ga wata

Shiru. Ta ci abinci. Ta sha magani.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun yarda. Kwalbati mai tsayin mita biyu da rabi, faɗi uku, da dakali a gefe wanda mutum zai bi ko ruwa na gudu. A takarda sunansa magudanar ruwa. Abin da mutum ɗari tara ba su samu ba, ruwan sama ya samu da sa hannu ɗaya. Haka duniyar take, ba yau na san ta ba.

Amma dole a gina shi a inda kwarin ya fi zurfi. Taku saba'in gabas da turba.

Unguwa na murna. Ni na zauna a shagon Tela na ce masa aikin banza ne. Taku saba'in a wurinta wata ƙasa ce. Za ta dafa dutse, ta sauka inda ta saba, ta tarar da waya.

Tela bai ɗago daga kekensa ba. Ya ce, “Baba Safiyo, turbar nan wa ya yi ta tun farko? Ofishinku?”

Na ce ƙafa.

“To ƙafafun sun mutu ne?”

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ga shawarar da aka yanke, ba ni na kawo ta ba. Kowa zai daina bin tsohuwar turba, a riƙa sauka ta inda dutse yake. Dutsen kuma kullum da sassafe za a gusa da shi gabas, taku biyar. Kwana goma sha huɗu. Injiniya ta ce injinan ba za su iso kwari ba sai bayan sati uku, za ta ga hakan.

A aikinmu, wanda ya gusar da dutsen awo kotu ake kai shi. Na faɗa musu. Maigadi ya ce, “To kai za ka auna, mu mu ɗauka, in an zo kamu a tafi da mai ilimi.”

Na auna. Mutum huɗu suka ɗaga.

Ta dafa shi, ta sauka. Ba ta lura ba.

Talata, 3 ga sabon wata, da yamma

Taku ashirin. Shugaban makaranta ya sa 'yan aji huɗu su bi sabon layin a jere, suna ja da ƙafa, wai darasin motsa jiki. Masu lambu sun jawo ƙaya sun rufe tsohon bakin. Ciyawa ta fara kwanciya.

Yau na tambayi mai gyaran famfo sunansa. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana gaishe ni.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi

Ta tsaya. Ta wuce shagon Tela, ta tsaya a fili tana lalube da hannun dama a iska, inda dutsen yake shekaranjiya. Na ƙirga numfashina har arba'in. Sai wata mai kwando ta zo ta gabanta, ta dafa dutsen kamar ita ma al'adarta ce, ta sauka. Ta bi bayanta.

Mun yi gaggawa. Gobe ba za a gusa ba. Jibi taku uku.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe uku

Auta ta iso da mota da akwati babu komai a ciki. Na ce ta ba ni kwana goma. Ta ce, “Baba, wasa kuke yi da dutse, ku duka unguwar.” Na ce ta zo ta ga wasan.

Ta bi mu, tana gefena. Da Maigadi ya ce ai yanzun nan ta wuce da ƙawayenta, uwar ta ce yarinyar nan ba ta da haƙuri, sai Auta ta juya ta fuskanci mangwaro. Na bar ta. A hanyar dawowa ta karɓi sandata ta ba ni hannunta.

Akwatin yana zaure. Ba ta buɗe shi ba, ba ta kuma mayar da shi mota ba.

Laraba, 11 ga wata

Hamsin da biyu.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Saba'in. Dutsen yana zaune daidai inda bakin kwalbati zai kasance, tsakanin turaku biyu masu jan ka. Injiniya ta zo da safe da sabon zane, ta shimfiɗa a kan teburin Tela. Ta ɗige turbar ɗigo-ɗigo, daga dutse har mangwaro. Ta miƙo mini alƙalami ta ce in duba ko akwai gyara. Ban karɓa ba. Na ce wutsiyar K ɗinta ta yi gajarta.

Auta ta mayar da akwatin mota jiya. Ta ce za ta dawo ranar da aka buɗe ramin, ta ga yadda uwarta za ta yi da duhunsa. In ta ƙi shiga, maganar ɗakin sama tana nan. Na ce na ji. Tela ya riga ya fara maganar farin fenti da wanda zai riƙa shiga gabanta da kwando.

Sha biyu saura kwata ta fita. Ta dafa dutse, ta sauka. Ƙasar ta yi fari, ta daddale, sai ka rantse turbar ta girmi Auta. A tsakiyar kwari igiyar takalminta ta kwance, ta tsaya tana dubanta. Na karya dokar taku talatin, na durƙusa na ɗaure mata.

Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, malam. Baƙo ne kai a nan?”

Na ce eh, kusan haka.

“To bi nan, ba za ka ɓata ba. Maigidana ne ya auna hanyar nan. Ma'aikacin safiyo ne.”

Na ce na ji labarinsa. Na ce an ce ya yi kurakurai.

Ta ce, “Wa ya faɗa? Ga ta nan kana tsaye a kai.”

Ta ba ni gorar in riƙe mata. Muka haye tare.